Tafiya Mabuɗin Ilimi: Waiwaye Kan Makarantar Man O' War Bay

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, ɗaya daga cikin 'ya'yana mazauna birni ya kawo mini wata takarda da makarantar jikata ta aika wa iyaye. Takardar tana sanar da cewa za a kai ɗalibai wata ƙasar waje ziyarar ƙaro ilimi ta kwana goma, an kuma jera kuɗin jirgi da na biza da na masauki. Ya ce da ni, "Baba, kai da ka daɗe kana riƙe da makaranta, me ka gani? In biya ko in bari?" Na sa tabarau na bi tsarin tafiyar rana bayan rana. Na ga ranar zuwa babban kanti, na ga ranar zuwa filin wasanni, na ga ranar hawa dogon bene don ɗaukar hoto. Na nemi ranar da yaran za su yi gumi, ko su zauna da mutanen ƙasar su ci abin da suke ci, ban samu ba.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, wato 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, irin wannan takarda tana shigowa hannunsu. Saboda haka na ga ya kamata bana in waiwaya baya, in kawo tarihin yadda aka faro fitar da ɗalibai daga aji zuwa wata ƙasa da niyyar tarbiyya. Waɗanda suka faro abin sun girka shi ne a kan duwatsun murhu uku: a ga ƙasa da halittunta, a san mutanenta, sannan a yi musu aiki da hannu. Mu 'yan Arewa muna da rabo a cikin wannan tarihi, domin samarinmu na shekarun 1950 sun bi ta wata makaranta da ke gaɓar teku a ƙasar Kamaru, mai suna Man O' War Bay.

Tushen Al'amarin

Labarin ya faro ne daga wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Kurt Hahn, wanda aka haifa a birnin Berlin a shekarar 1886. A 1920 ya buɗe makarantar kwana a Salem, kudancin Jamus, da taimakon Yarima Max na Baden. Ra'ayinsa shi ne zaman birni da sauƙin rayuwa suna raunana jikin yaro, suna kashe masa himma, uwa uba suna rage masa tausayi. Maganin da ya tsara shi ne motsa jiki, da doguwar tafiya cikin daji ko a kan ruwa, da sana'ar hannu, da kuma aikin ceto da taimakon jama'a.

Hahn Bayahude ne, ya kuma fito fili ya soki Hitila. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai suka tsare shi, daga baya aka sake shi ya yi hijira zuwa Birtaniya. A 1934 ya kafa makarantar Gordonstoun a arewacin Sikotland, inda ɗalibai da kansu suke gadin gaɓar teku don hango jiragen da suka shiga haɗari, suke kuma da ƙungiyar kashe gobara. Cikin ɗalibanta na farko akwai Yarima Filip, wanda daga baya ya auri Sarauniya Elizabeth ta Biyu.

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura da wani abin mamaki. Idan Jamusawa suka nutsar da jirgi, ma'aikata suka koma cikin ƙananan kwalekwalen ceto, samari masu jini a jika sun fi saurin karaya su mutu, alhali dattawan da suka saba da wuya suna jurewa. Shi da Hahn suka buɗe wata makaranta a Aberdovey, a yankin Wels, a shekarar 1941, suka sa mata suna Outward Bound, kalmar da matuƙa jirgin ruwa ke amfani da ita ga jirgin da ya bar tasha ya nufi tsakiyar teku. Horon na kimanin wata guda ne. Manufarsa a nuna wa saurayi cewa ƙarfin da ke cikinsa ya fi abin da yake zato.

Daga wannan tushe ne tafiyar ɗalibai zuwa ƙetare don yin aiki ta fito. A watan Agusta na 1953 girgizar ƙasa ta rusa tsibirin Kefaloniya na ƙasar Girka. A shekarar da ta biyo baya, ɗalibai daga makarantu da dama, ciki har da Salem da Gordonstoun, suka tafi can suka yi hutunsu suna taya gina gidan kula da tsofaffi a garin Argostoli. Abin da aka gani a wannan aiki ya taimaka wajen kafa ƙungiyar makarantu ta Round Square a 1966, wadda a yau take da makarantu fiye da 200 a sassan duniya.

Yadda Abin Ya Iso Afirka ta Yamma

Wanda ya kawo wannan tsari yankinmu shi ne wani Bature ɗan Birtaniya, Alec Dickson, wanda aka haifa a 1914. Ya fara da aikin jarida, ya yi aikin soja a Afirka ta Gabas lokacin yaƙi, sannan a ƙarshen shekarun 1940 ya yi aikin yaƙi da jahilci da raya karkara a ƙasar da muke kira Gana a yau. A can ya ga wata cuta da mu ma muka san ta. Yaro yana samun takardar shaida, ya zama akawu ko malami, sai ya ɗauka hannunsa ya fi ƙarfin fartanya, ya riƙa kallon mutanen ƙauyensu kamar wasu baƙi. Dickson ya hango cewa waɗannan samari su ne za su karɓi mulki in Turawa sun tafi, kuma shugaban da yake ƙyamar aikin talaka ba zai san ciwon talaka ba.

A shekarar 1951 ya buɗe sansanin horo a Man O' War Bay, 'yan kilomitoci daga garin Victoria, wanda aka sauya wa suna zuwa Limbe a 1982. A nan ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan zamani Kudancin Kamaru ƙasar amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Birtaniya tana riƙe da ita a haɗe da Nijeriya. Ba a neman fasfo kafin a je, amma ga ɗan Katsina ko ɗan Azare wata duniya ce dabam, domin sai ya yi kwanaki a jirgin ƙasa da jirgin ruwa kafin ya taka ta.

Sunan wurin ma tarihi ne. A tsohon Turanci, "man o' war" yana nufin jirgin ruwan yaƙi. Bayan Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa fakewa a wannan mashigin teku suna dakon jiragen masu safarar bayi. Kusa da wurin akwai Bimbia, tsohuwar tashar da aka riƙa lodin 'yan Adam zuwa ƙetaren teku. Garin Victoria kuwa wani ɗan mishan ne, Alfred Saker, ya kafa shi a 1858. Jamusawa da suka mallaki Kamaru daga 1884 sun kafa lambun nazarin tsirrai a garin a 1892, suka kuma share ƙasar mutanen Bakweri suka shimfiɗa manyan gandaye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gandayen suka koma hannun hukumar raya Kamaru ta CDC, wadda ta fara aiki a 1947, ana noma ayaba da roba da kwakwar manja. Ke nan duk inda ɗalibi ya waiga, akwai darasin tarihi a gabansa.

Wata Guda Tsakanin Teku da Dutse

Waɗanda ake turowa horon samari ne daga jihohi uku na wancan lokaci, Arewa da Yamma da Gabas, da kuma Kamaru kanta. Akwai malaman makaranta da ɗaliban kwalejojin horon malamai, da akawuna, da ma'aikatan En'e, da 'yan sanda, da ma'aikatan kamfanoni. Matar Dickson, Mora, ta rubuta littafi a kan rayuwar sansanin mai suna New Nigerians, wanda ya fito a 1960. Ni kuwa abin da na sani na cikin sansanin daga bakin malaminmu na kwalejin horon malamai na ji shi, Allah ya jiƙansa, domin yana cikin waɗanda En'e ta tura yana sabon malami.

Dutsen murhu na farko shi ne ƙasar kanta. Malam ya ce kafin wannan tafiya, ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne Kwara daga tagar jirgin ƙasa a Jebba. Sai ga shi a bakin teku mai baƙin yashi, an ce ya shiga ya koyi iyo, ya koyi tuƙa kwalekwale. A bayan sansanin kuma ga Dutsen Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, wanda babu kamarsa a duk wannan sashe na Afirka. Dutse ne mai aman wuta, wanda ya yi amai a 1959 da 1982 da 1999 da 2000. A gindinsa ta yamma akwai ƙauyen Debundscha, inda ruwan saman shekara guda yakan kai kimanin milimita 10,000, wato kusan abin da Kano take samu cikin shekara goma. Daga garin Buea ake fara hawa. Mai hawa zai ratsa gonaki, ya shiga kurmi mai duhu, ya fita zuwa filin ciyawa, daga ƙarshe ya tarar da tsandaurin baƙin dutse inda sanyi yake kusan daskarar da ruwa kuma numfashi yake yi wa mutum wuya. Abin da littafin labarin ƙasa yake bayyanawa a babi huɗu, ƙafar ɗalibi tana karanta shi cikin kwana biyu ko uku. Gani ya kori ji.

Dutsen murhu na biyu shi ne mutane. Da gangan ake cakuɗa ɗalibai a rukuni-rukuni, don kada kowa ya maƙale wa ɗan garinsu. Malam ya faɗa rukuni ɗaya da wani akawu Ibo da wani ɗan sanda Bayarabe da wani saurayi ɗan bakin teku. Ya ce a cikin ruwa shi ne abin tausayi, sau biyu ɗan bakin tekun nan yana cafko shi bayan ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi. Da aka hau dutse sai reshe ya juye da mujiya. Shi da ya saba da hunturu ya jure, su kuwa haƙoransu suna kaɗawa, har shi ne ya koya musu naɗa mayafi a ka da fuska irin na fatake. Ya kan ce mana tun daga ranar bai ƙara yarda a zagi wata ƙabila a gabansa ba, domin ya san yadda hannun da ba na ƙabilarsa ba ya tsamo shi daga teku. Mu tuna a wancan lokaci rikicin siyasar yankuna yana tashe, har ya kai ga tarzomar Kano ta watan Mayu na 1953. Haɗa irin waɗannan samari a tanti guda ba ƙaramin abu ba ne.

Dutsen murhu na uku, wanda Dickson ya fi ba wa muhimmanci, shi ne aiki. A nan ne ya ɗara abin da ya samo daga Turai. Bayan an gama da teku da dutse, sai a kwashi ɗalibai zuwa ƙauyuka, su yi kwanaki suna aiki tare da mutanen gari: gyaran hanya, gina ƙaramar gada ko kwalbati, gyaran wurin ɗiban ruwa, share filin kasuwa. Malam ya ce tun da ya shiga makarantar midil bai ƙara ɗora kaya a kansa ba, sai ga shi da kwanon sarki cike da tsakuwa, yana bin layi a bayan tsofaffin mata da suke yi masa dariya saboda bai iya naɗa gammo ba. Hannunsa ya yi kanta, girman kansa ya faɗi. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne, aikin gayya ne da kakanninmu suka sani. Abin da ya zama sabo shi ne a ga mai farar riga da alƙalami a cikin gayyar, kuma a garin da ba nasa ba.

Mu da muka yi karatu a hannunsa mun ga amfanin tafiyar da idonmu. Duk ranar da za a yashe magudanar ruwa a kwaleji, shi ne yake fara tuɓe riga ya shiga da shebur, sannan ya waiwayo ya dube mu. Babu ɗalibin da yake iya tsayawa a gefe. Da na zama hedimasta, wannan darasi ya fi yi mini amfani a kan abubuwa da yawa da na haddace don jarrabawa.

Gaskiya ba ta hana a faɗi ɗaya gefen ba. Sansanin ya tashi ne a ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma gwamnati da kamfanonin da suke tura ma'aikatansu suna da tasu buƙatar ta samun ma'aikata masu ɗa'a da juriya. Haka kuma makarantun Hahn na farko galibi na 'ya'yan masu hali ne. Duk da haka, wanda ya je ya dawo da abin da babu mai iya ƙwace masa.

Ƙaura Zuwa Filato

Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasar amana. Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna a watan Yuni na shekarar. Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, abin da ya tabbata ranar 1 ga Oktoba 1961. Da haka Man O' War Bay ya zama ƙasar waje. Tun a 1960 majalisar Nijeriya ta riga ta yi dokar da ta ba makarantar matsayin cibiyar horon ɗan ƙasa nagari da shugabanci, saboda haka aka ɗauko ta aka dawo da ita Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya kuma ta zauna a duwatsun Shere da ke gabashin Jos. An buɗe makarantar teku a Apapa ta Legas, an kuma buɗe rassa a wurare irin su Aluu kusa da Fatakwal, da Fika a Jihar Yobe, da Kwatarkwashi a Jihar Zamfara. Doka ta 38 ta 1989 ta sake fasalin cibiyar. Takenta yana nan: a gina mutum, a gina al'umma.

Shi kuwa Dickson, a 1958 ya kafa ƙungiyar VSO, mai tura matasan Birtaniya aikin sa kai a ƙasashen waje. Da yawa daga cikin tsararrakina sun zauna a gaban malaman VSO a sakandare da kwaleji. A wannan shekarar ce kuma wani limamin coci Baƙar fatan Amurka, James Robinson, ya fara kawo ɗaliban Amurka Afirka ta Yamma aikin gine-gine a lokacin hutu, a ƙarƙashin shirin Operation Crossroads Africa. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961. A gida kuma, bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa ranar 22 ga Mayu 1973, a kan tunani mai kama da wancan: a kai matashi jihar da ba tasa ba, ya zauna da mutanenta, ya yi musu aiki. Duk wanda ya shiga sansanin bautar ƙasa ya san 'yan Man O' War da igiyoyinsu da katangar da ake hawa. Kaɗan ne suka san sunan wani mashigin teku ne a Kamaru. Dickson ya rasu a 1994, shekara 20 bayan rasuwar Hahn. Yankin Limbe da Buea kuwa yana cikin sassan Kamaru masu magana da Turanci da rikici ya addaba tun daga 2016.

Kammalawa

Yawancinmu idan aka ambaci Man O' War, abin da yake zuwa mana shi ne kaki da fareti. Kwanon sarki da gadar ƙauye sun ɓace daga tunaninmu. Haka ma tafiyar makaranta ta zama a wurin wasu. An riƙe jirgi da otal da hoto, an yar da duwatsun da tukunyar take zaune a kai. Har inda ake sa aikin taimako a cikin tsarin tafiya, wani lokaci bai wuce a shafa wa bango fenti na awa biyu a ɗauki hoto ba, mutanen gari su zo daga baya su gyara.

Ga abin da na faɗa wa ɗana, shi ne kuma nake miƙa wa sauran 'yan'uwa. Idan takardar ta zo, kafin a tambayi kuɗi a tambayi malaman abu uku. Wane dutse ko kogi ko daji yaron zai ratsa da ƙafarsa, kuma wa zai kula da lafiyarsa a can? A gidan wa zai ci abinci, da yaran wa zai kwana, kalma nawa ta harshensu zai dawo da ita? Wane aiki zai yi, kwana nawa, kuma mutanen wurin ne suka ce suna buƙatarsa ko kuwa an zaɓa musu ne? Idan makaranta ta amsa waɗannan da gamsarwa, a biya ko da za a matsu, domin ba asara ba ce. Idan ba ta da amsa, yawon buɗe ido ne, a kira shi da sunansa, kowa ya auna aljihunsa.

Nisa ba shi ne ma'auni ba. Malaminmu bai hau jirgin sama ba, bai riƙe fasfo ba, amma wata guda ya sauya shi har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma sauya mu da muka zauna a gabansa. Ɗana ya koma makarantar da tambayoyin nan uku a rubuce, ya kuma nemi a karanta su a taron iyaye da malamai. Ina fata sauran iyaye za su yi haka. Allah ya raya mana zuriya, ya sa su zama masu amfani a duk inda suka taka.